Neman kalma: me za a kira ƙarfen da ake ɗora akwatin kifin teku a kansa?

Malamin sana'a: Assalamu alaikum, iyaye da ƴan uwa. Ranar Litinin zan raba wa yaran da muke koya wa walda a nan Damagaram takardar darasi, kuma an ce in mayar da ita Hausa, domin rabinsu ba su yi nisa a lakwal ba. Misalin da ke cikinta shi ne ƙera abin da Faransanci ya kira support d'aquarium récifal. Akwatin gilashi ne mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60, yana cin lita 648, kuma da yake ruwan teku ya ɗan fi na famfo nauyi, ruwan kaɗai ya kai kilo 664. Idan aka haɗa da gilashin mai kaurin milimita 15, wanda ya kusa kilo 150, da duwatsu da yashi, lissafin yana tasam ma kilo 850. Kalmomi uku nake nema: sunan akwatin, da na abin da ke rayuwa a cikinsa, da na ƙarfen da zai ɗauke shi. A yanzu na rubuta tebur, amma raina bai kwanta ba.

Malama mai fassara: Wa alaikumus salam, Malam. Ta biyun ba ta da wahala, tunda muna da murjani tun kaka da kakanni, kuma duk wanda ya karanta Suratur Rahman ya san ana fitar da lu'ulu'u da murjani daga teku. Sai dai ka ƙara jimla ɗaya ka bayyana cewa wanda ake kiwo a akwatin mai rai ne, ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gida mai tauri irin na farar ƙasa, kamar waɗanda ke Bahar Maliya. Idan ba haka ba, yaran za su zaci tsakiyar da mata ke sa wa a wuya ce aka zuba a ruwa. Ina ganin akwatin kifi da murjani ya wadatar.

Tsohon mushe (malamin makaranta): Ƴata, akwati na tufafi ne. Shekara da shekaru ina cewa mu daina manna kalmomi biyu uku kamar mai ɗinkin tsumma, alhali harshenmu yana da ƙa'idar gina sunan wuri. Muna da majema, muna da marina, muna da mahauta, me zai hana wurin kifi ya zama makifa? Bature ma ƙirƙirar tasa ya yi daga kalmar Latin ta ruwa, a zamanin da aka buɗe gidan kallon kifi na farko a Landan, a 1853, kuma ba wanda ya ce masa ya yi kuskure.

Malama mai fassara: Baba, a gafarce ni, amma majema daga jima take, marina daga rini, wato duk daga aiki aka ciro su. Kifi suna ne, kuma aikatau ɗin da kunne zai ji a cikin makifa shi ne kifa. Wanda ya zuba dukiyarsa a gilashi ba zai so a kira abin nasa wurin kifewa ba.

Tsohon mushe: Karin sauti zai raba su, kamar yadda ya raba kalmomi da dama. Na lura duk abin da ya fito daga bakin ɗan Damagaram sai an bi shi da tsinke, amma da gidan rediyo na Kano ne ya furta makifa, da tuni kowa ya ɗauka. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa. Har yaushe za mu zauna muna jiran a aiko mana kalma daga Kano ta hanyar Matamaye?

Wani ɗalibi: Baba, Allah ya ƙara girma, mu a jami'a akwariyom muke cewa, kuma ban ga aibinsa ba, tunda mota da rediyo ma aro ne.

Tsohon mushe: Yaro, aro ne ya sa kuke gaishe ni da bonjur.

Mai walda: Malamai, ku yi haƙuri in sa baki, ko da yake ban yi karatunku ba, domin kalmar da za ta jawo asara ita ce ta uku, kuma ita kuka bari. Malam, ka goge tebur. Idan ka ce wa yaro tebur, zai ɗauko siririn bututu ya haɗa ƙafa huɗu ya shafa fenti, shi ke nan. Ni kaina na taɓa yi wa wani Alhaji irin wannan, na ƙaramin akwati ma na ruwan daɗi, ƙafa ɗaya ta gaza sauran da abin da bai wuce kaurin kwali ba. Da aka cika ruwa ba abin da ya faru, sai bayan ƴan makonni gilashin ya tsage daga kusurwa, muka iske kifaye suna tsalle a kan tabarma. Kilo 850 buhun siminti 17 ne, kuma dare da rana suke zaune, ba a sauke su. Ana son bututu mai kusurwa huɗu mai kauri, firam ɗin sama ya hau kan ƙafafun kai tsaye domin nauyin ya sauka ta cikinsu, kada ya rataya a jikin walda, a ƙara ƙafa biyu a tsakiya, a gitta ƙarfe ta baya don kada ya yi rangaji. Sannan gishiri maƙiyin ƙarfe ne, dole a rufe ko'ina da fenti mai hana tsatsa, har bakin bututun, a kuma bar fili a ƙasa saboda ƙaramin akwatin tace ruwa. Ku ba ni kalmar da yaro zai ji wannan nauyin a cikinta.

Malama mai fassara: To, maɗori ya zo mini daga ɗora, amma shi ma za a tafi neman mai gyaran karaya. Dandamali na gini ne, ba a ɗaga shi. Ina ganin mazauni, sai a ce mazaunin ƙarfe mai ginshiƙai shida, domin ginshiƙi shi ne yake ɗauke da nauyin soro, kuma kowane yaron Birni ya san idan ya goce ɗaki ya tafi.

Mai walda: Ginshiƙin na yarda da shi, Malama. Mazaunin kuwa, ki shirya wa dariyar yara.

Tsohon mushe: Mazauni Hausa ce tsantsa, ba ni da ja a kanta. Amma akwati ba zan sa masa hannu ba.

Malamin sana'a: Na gode ƙwarai. Zan rubuta mazaunin akwatin murjani, kuma duk inda takardar ta ce ƙafa zan mayar da ita ginshiƙi, sannan zan roƙi Yaya mai walda ya zo ranar Litinin ya ba yaran labarin tabarmar da bakinsa. Baba, makifa zan karanta musu ita a aji in ji abin da kunnensu zai ba su.

Tsohon mushe: Ka karanta ta da karin da ya dace, kada ka lalata mini ita tun a bakinka.