Yadin silin motata ya ƙi zama, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yadin silin motata ya saki har yana taɓa kan fasinja. Zafin Gombe ya cinye soson bayansa, ya zama gari. Na sauke allon, na kankare shi tas da burushi, na shafa gam irin na masu gyaran takalmi, na liƙa sabon yadi. Da motar ta wuni a rana sai tsakiya ta sake zubowa, gam kuma ya ɓullo ta yadin ya bar tabo.

Wane gam ne ke jure zafin Afrilu? Na fesawa ya fi? Dole ne yadin ya zo da sosonsa? Ana samunsa a nan, ko sai Kano? Don Allah a taimaka, da motar nake ciyar da iyalina.