Citta ta ruɓe, bashi na wuyana, addu'a ta ƙi fita

Manomin Citta:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ni manomi ne a ƙasar Kachia. A daminar 2023 na zuba duk abin da na mallaka a gonar citta, har da adashin matata da rancen taki. Tsakiyar damina ganye ya soma yin ɗorawa. Na tona gindi ɗaya, cittar ta narke mini a hannu tana wari. Ko iri ban tsira da shi ba, kuma har yau bashin bai ƙare ba.

Ban taɓa fashin zakka ba, irin ma sai da muka yi masa addu'a kafin shuka. Yanzu in na durƙusa sai bakina ya yi nauyi. Ranar baikon godiyar amfanin gona a coci, a gida na zauna, don ba zan iya ganin ana rawa da buhuna zuwa gaba ni ina hannu wofi ba. Wani ya ce in binciki kaina, wai ko akwai zunubi. Ku da kuka taɓa faɗuwa, yaya kuka yi?

Mamar Zumunta:
Ɗana, sannu. Wanda ya faɗa maka haka bai kyauta ba. Cutar nan ta ci gonaki daga Kachia har Jaba da Kagarko, ta fasto da ta liman, duk zunubinka ne? Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai zaune da shi ba su ce uffan ba, da suka buɗe baki ne suka ɓata. Shekarar da na binne maigidana na yi watanni ban iya addu'a ba. Zabura 13 kawai nake buɗewa, in karanta, in yi kuka, in rufe. Ubangiji ya karɓa.

Malamin Sande Sukul:
Ɗan'uwa, duba Habakuk 3:17-18. Ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba abinci, garke ba dabba, a nan annabin ya ce zai yi murna da Allah. Amma sai a sura ta uku ya kai nan, a ta farko ƙara yake kaiwa. Kada ka tilasta wa kanka rawa. Ka dai zo sujada, ko bencin baya ne. Ka kuma gaya wa dattawa maganar bashin, kada kunya ta hana ka.

Manomin Citta:
Na gode Mama, na gode Malam. Jiya da dare matata ta karanta mana Zabura 13, ni dai Amin kawai na iya cewa. Lahadi zan je. Bana masara da waken soya na shuka, citta kunya biyar kawai, da irin da surukina ya ba ni.