Neman shawara: bizar yawon buɗe ido zuwa Faransa da Sifaniya

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, ina sayar da atamfa da shadda a shagon da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Tun ina almajiri a gabansa yake ba mu labarin Andalus, wato yankin Sifaniya da Musulmi suka taɓa mulka, da yadda aka fara gina babban masallacin Kurɗuba a ƙarni na takwas, da yadda Garnaɗa ta fita daga hannun Musulmi a 1492, kuma har ya bar duniya yana cewa da zai samu iko da ya je ya ga fadar Alhambra da ke Garnaɗa da idonsa. Wannan buri ne ya zauna mini a zuciya, shi ya sa na yi niyyar tafiya da maiɗakina a watan Disamba, mu kwana huɗu a Paris, sannan mu kwana takwas tsakanin Madrid da Kurɗuba da Garnaɗa. Wanda yake taimaka mini da takardu ya ce in nemi bizar Shengen (biza ɗaya da ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, har da Faransa da Sifaniya) ta hannun Faransa, domin a cewarsa an fi saurin samun ranar kai takardu a can. Yayana kuma ya tura mini kuɗi masu yawa a asusuna makon jiya don asusun ya yi nauyi. Na riga na biya kuɗin jirgi. Yanzu hankalina ya ƙi kwanciya, domin wani ya ce mini akwai gyara a wannan tsari, amma bai faɗi inda gyaran yake ba.

Alhajin Fagge: Wa'alaikumus salam. Malam, gyaran ba ɗaya ba ne, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ƙa'idar Shengen ita ce ka nemi biza a ofishin jakadancin ƙasar da ita ce asalin inda za ka, wato inda za ka fi daɗewa. Sai idan kwanakin sun zo daidai ne ake duba ƙasar da za ka fara sauka. Kwana takwas a Sifaniya, huɗu a Faransa, ai maganar ta ƙare, Sifaniya ce ke da hurumin duba takardunka. Batun kuɗin yayanka kuwa ya fi wannan haɗari. Jami'in da ke duba bayanan asusunka na watannin baya yana neman ya ga shige da ficen kuɗi na mai sana'a, kuma idan ya ga asusu yana tafiya a hankali sai kwatsam miliyoyi suka faɗo ana saura kwanaki a kai takardu, abin da zai fahimta shi ne aron kuɗi aka yi. Kuɗin biza yuro 90 ne ga kowane baligi tun daga watan Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu, kuma ba a mayarwa idan an hana ka. Sannan ba ka gaya mana yaushe fasfonka zai ƙare ba.

Maman Hanifa: Ni dai abin da ya fi damuna shi ne wannan mai taimakon. Haka wani ya karɓi kuɗin ƙanina, ya haɗa masa takardar otal ta bogi, aka hana shi biza, kuma da ya koma wajensa sai ya ce ai rabo ne. Wanda ake zalunta shi ke ɗauke da tabon a sunansa, domin ƙasashen Shengen ɗin nan 29 suna amfani da rumbun bayanai ɗaya, har tambarin yatsun da aka ɗauka yana aiki na tsawon watanni 59. Ɗan'uwa, ka cike takardunka da hannunka.

Ɗan Kwari: Hajiya, na gode, amma mutumin nan maƙwabcinmu ne, kuma ya yi wa mutane da dama sun tafi sun dawo. Alhaji, fasfona zai ƙare 20 ga Fabrairu, mu kuma za mu dawo 28 ga Disamba, saboda haka ina ganin da sauran lokaci. Kuɗin kuwa ba aro ba ne, akwai kasona a cinikin da muka yi tare da yayana.

Alhajin Fagge: Babu sauran lokaci, Malam. Dole fasfo ya kasance yana da aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar yankin, da shafuka biyu da ba a buga komai a kansu ba. Daga 28 ga Disamba zuwa 20 ga Fabrairu bai kai wata biyu ba. Ka sabunta fasfo tukuna. Idan kuɗin kasonka ne, ka kawo shaida a rubuce: rasitan ciniki, takardar rajistar kasuwanci, da wasiƙar yayanka. Ka haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 da ta shafi dukkan ƙasashen yankin, ku biyun.

Ɗalibin Lyon: Ranka ya daɗe, na yarda da kai kan fasfo, amma ina ganin akwai hanya mafi sauƙi kan batun ofishin jakadanci. Ya sauya tsarin tafiyar da gaske, ya yi kwana shida a Faransa, shida a Sifaniya, ya fara sauka Paris, sai Faransa ta zama mai hurumi ba tare da an ɓoye komai ba. Kuma kuɗin guzurin da Faransa ke so a nuna ga mai takardar otal yuro 65 ne a rana, alhali na Sifaniya ya haura yuro 100.

Alhajin Fagge: Wannan shawara ce ta matasa. Mutumin da ya ce Alhambra ce ta fito da shi, ta yaya za a ce ya rage kwanakin Andalus don neman sauƙin layi? Kuma na san irin wannan, za a rubuta shida da shida a takarda, a je a yi wani abu dabam. Ku tuna biza ba ta tilasta wa jami'in kan iyaka ya bar mutum ya shiga. Yana da ikon ya nemi tikitin komawa da takardar masauki ya tambaye ka inda za ka.

Malamin Gyaɗi-Gyaɗi: Ni a ganina duk kun tsallake babbar tambaya. Maiɗakin tasa tana da sana'a ko wani abu da zai nuna za ta dawo? Suna da 'ya'yan da za su bari a gida? Sun taɓa fita wata ƙasa? Ni malamin makaranta ne mai albashi, takarduna sun cika, amma an hana ni da dalilin cewa ba a gamsu zan dawo ba, kuma har yau abin yana ci mini rai. Da ni ne, da na ɗage tafiyar zuwa bazara.

Ɗan Kwari: Mun yi Umara sau biyu, kuma yara suna nan wajen kakarsu. Ɗagewa ba za ta yiwu ba, domin tikitin da na saya ba a mayar da kuɗinsa, kuma Disamba ce kaɗai lokacin da ƙanina zai iya riƙe mini shago. Maƙwabcin nawa ya ce an sha ba mutane biza da fasfo irin nawa. Shin akwai wanda ya san ko sabon fasfo zai iya fitowa a kan lokaci, tunda an ce duba takardun biza yana ɗaukar kwana 15, wani lokaci har 45?