Taƙaitawar shawarwari kan sallamar ma'aikata da sunan rage ma'aikata

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga muhawararmu kan ɗan uwanmu na Sakkwato da aka sallama wai kasuwa ta ja baya.

1. Kowa ya yarda: sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa.

2. Wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, amma ana duba ƙwarewa da riƙon amana. Nan ake fakewa a kori wanda ba a so. In an ɗauki sabo a gurbinka, to da walakin.

3. Wa'adin sanarwa kafin sallama: mako ɗaya in ka yi wata 3 zuwa shekara 2, mako biyu har shekara 5, wata ɗaya daga nan. Ko a biya kuɗi a madadinsa.

4. Kuɗin sallama ya raba kawuna. Wasu sun ce dole ne, wasu sun ce doka ta ce ne mai kamfani ya yi ƙoƙarin sasantawa. Duba takardar ɗaukarka.

5. Dattawa sun fi son sulhu ta ofishin ƙwadago, matasa sun ce a tafi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ga reshenta nan Sakkwato. Ni dai sulhun zan fara.

Kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki in ba kai ka nema ba.