Fyaucewa: kafin tsanani ne ko bayansa? Muhawarar ƴan ikilisiya a Tawa

Rahila: Salamar Ubangiji gare ku duka. Baba Fasto, abu ya ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanena mai kabu-kabu ya ga bidiyon wani mutumin Afirka ta Kudu, Joshua Mhlakela, a TikTok, wai Yesu ya nuna masa za a fyauce ikilisiya, wato a ɗauke masu bi daga duniya zuwa sama, ranar 23 ko 24 ga Satumba 2025. Ya sayar da motonsa, ya rabar da kuɗin, ko yaransa bai rubuta a lakwal ba. Rana ta zo ta wuce. Yanzu ya daina zuwa sujada don kunya. Da na yi masa faɗa, sai ya ce, "Ba ku kuka koya mana za a ɗauke mu kafin wahala ba?" Ku faɗa mini, koyarwar nan tana cikin Littafi ko ba ta ciki?

Iliya: Sannu Yaya Rahila, Allah shi maido shi. Amma kada wake ɗaya ya ɓata gari. Sa rana daban, fyaucewa daban. Matiyu 24:36 ta ce ranar nan ba wanda ya san ta, ko mala'iku, ko Ɗan, sai Uba. Wanda ya sa rana ya saɓa wa Yesu kansa. Amma cewa za a ɗauke mu kafin babban tsanani, a kan wannan ina tsaye. 1 Tassalunikawa 5:9 ta ce Allah bai ƙaddara mu ga fushi ba. Wahayi 3:10 ta ce zai kiyaye mu daga sa'ar gwajin da za ta zo wa duniya duka. Sai da Nuhu ya shiga jirgi ruwa ya sauko, sai da Lutu ya fita wuta ta ci Saduma.

Mushe Dauda: Iliya ƙanena, Nuhu bai bar duniya ba, a tsakiyar ruwan aka kiyaye shi. Kuma ya kamata mu san inda muka gaji abin da muka gada. Raba zuwan Almasihu gida biyu, ɗaya a asirce kafin shekara bakwai na tsanani, ɗaya a fili bayansu, wani malami ne mai suna John Nelson Darby ya tsara shi ya yaɗa a Ingila da Ailan wajen shekarun 1830. Daga baya Littafi Mai Tsarki mai sharhi na Scofield, wanda ya fito a 1909, ya kai shi gida-gida a Amurka. Masu bishara da yawa na wancan zamani a kan wannan sharhin suka yi karatu. Ina girmama su, albarkacin irinsu muka samu asibitin Galmi tun 1950. Amma ikilisiya ta yi ƙarni goma sha takwas ba wannan tsari take koyarwa ba.

Iliya: Mushe, daɗewar magana ba ita ce gaskiyarta ba. Ku buɗe Wahayi ku ƙirga. Daga sura 1 zuwa 3 ikilisiya, ikilisiya. Daga sura 4 shiru, sai 22:16. Ina ta tafi duk lokacin hatimai da ƙahonni?

Mushe Dauda: Tsarkaka suna nan a sura 13, dabbar tana yaƙi da su. Su wane ne in ba masu bi ba? Amma bari in zo kan ayar da ta fi damunmu, 1 Tassalunikawa 4:16-17. Ubangiji zai sauko da kira mai ƙarfi, da muryar babban mala'ika, da busar ƙaho. Wane asiri ne ke zuwa da ƙaho? Sa'an nan ta ce za mu tarye shi a sararin sama. Kai ɗan Adar ne, ka san tarya. In babban baƙo zai shigo Tawa, mutane su kan fita har bakin gari, su tarye shi. Daga nan sai su bi shi su koma inda ya fito? A'a, rako shi suke yi cikin gari. Kalmar Helenanci da Bulus ya sa a nan ita ce a Ayyukan Manzanni 28:15, inda ƴan'uwa na Roma suka fito kan hanya suka taryi Bulus, suka shiga birni tare. Ita ce kuma a Matiyu 25:6, budurwai da ango. Ka haɗa da Matiyu 24:29-31, wadda ta ce bayan tsananin kwanakin nan ne za a busa ƙaho a tattara zaɓaɓɓu. Ni zuwa ɗaya nake gani.

Iliya: Ango in ya zo ɗaukar amarya, gidansa yake kai ta. Yahaya 14:3, zai komo ya kai mu wurinsa. Wannan fa?

Inna Saratu: Ƴaƴana, ban yi karatunku ba, jikata ce ke rubuta mini. Ina Yamai ranar Asabar 17 ga Janairu 2015, kwana ɗaya bayan masu zanga-zanga sun ƙone majami'u a Damagaram. Da idona na ga hayaƙin majami'armu, benci da littattafan waƙa duk sun zama toka. Maƙwabciyata Musulma ce ta ja ni ɗakinta, ta ɗaura mini mayafinta, na kwana biyu a can. A cikin ɗakin nan ban tuna da wa'azin cewa za a ɗauke mu kafin wahala ba, don wahalar ta riga ta iso ƙofa. Abin da ya riƙe ni shi ne maganar Yesu cewa a duniya za mu sha wuya, amma ya yi nasara da duniya. Iliya ɗana, ban ce ba ka da aya ba. Tsorona yaran da muke reno. In an gaya musu ba za su ga wuta ba, ranar da suka gan ta za su ce Allah ya yi ƙarya.

Iliya: Inna, kin sa ni hawaye. Ban taɓa cewa mai bi ba zai sha tsanani daga hannun mutane ba. Fushin Allah nake cewa ba namu ba ne. Amma na yarda, a wa'azi sau da yawa ba ma rarrabe su.

Baba Fasto: Na karanta duka. Rahila ɗiyata, ki yi haƙuri. Ƙanenki ba shi ne na fari ba. A Amurka, mabiyan William Miller sun jira 22 ga Oktoba 1844, waɗansu ko girbi ba su yi ba. A Koriya ta Kudu an sa 28 ga Oktoba 1992. Harold Camping ya cika rediyo da alluna da 21 ga Mayu 2011, ya ɗaga zuwa Oktoba, daga baya da bakinsa ya ce ya yi kuskure. Tun a Tassalunika ma akwai waɗanda suka ajiye aiki, shi ya sa Bulus ya rubuta cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Ni da koyarwar Iliya aka yaye ni a makarantar Littafi, na kuma yi shekaru ina wa'azinta. Abin da ya girgiza ni 2 Tassalunikawa 2:1-3 ce, inda Bulus ya haɗa zuwan Ubangiji da tattaruwarmu gare shi, ya ce sai an yi ridda, mutumin zunubi ya bayyana tukuna. Yau na fi karkata wajen Mushe Dauda. Laifina shi ne na koyar da ra'ayi ɗaya kamar ba wani, kuma ina jin bidiyon nan na yawo a wayoyin matasa ban tsaya kan bagade na tsawata ba.

Iliya: Baba, a aya ta 7 akwai mai hanawa wanda sai an kawar da shi. Ni ina ganin Ruhu ne cikin ikilisiya. Ban sauka ba tukuna.

Baba Fasto: To, ka zo da ita nazarin Laraba, ka fara, Mushe ya amsa. Rahila, yaushe ake samun yaron a gida?

Rahila: Sai bayan duhu ya yi, Baba, ba ya son a gan shi. Yaran kuma har yau suna gida.

Iliya: Zan biyo in ɗauke ku da ƙarfe takwas, Baba. Motona yana kwana ba aiki daga la'asar, in ya yarda ya riƙa yin yamma da shi har ya tara kuɗin lakwal.