Abin da aka tattauna kan rushewar gadar Silver

Ga taƙaitaccen abin da 'yan'uwa a Yamai suka faɗa.

1. Kowa ya yarda da tarihin: an gina gadar a 1928 bisa kogin Ohio a Amurka, ta rufta ranar 15 ga Disamba 1967 da yamma cike da motoci, mutum 46 suka rasu.

2. Masu sanin gini sun bayyana cewa an rataye ta ne da sandunan ƙarfe da aka sarƙafa bibbiyu, sai wata 'yar tsaga da tsatsa ta ci a jikin sanda ɗaya ta buɗe, ɗayar kuwa ta kasa ɗaukar nauyin ita kaɗai. Wannan bayani ya fi komai tayar mini da hankali, domin tsagar tana wurin da ido ba ya kaiwa.

3. An rabu kan laifi: wasu sun ɗora shi ga tsarin ginin, wasu ga nauyin motoci da ya ƙaru cikin shekaru 39.

4. Da aka zo kan gadar Kennedy da ke Yamai bisa kogin Neja, wadda aka buɗe a 1970, mafi yawa sun nemi a riƙa duba ta a kai a kai, a kuma karkatar da manyan motoci zuwa sababbin gadoji biyu na birnin.