"Ƙasƙantar da kai" ko "ƙanƙan da kai"?

Assalamu alaikum, masana Hausa. Don Allah ku warware mini wannan, ya hana ni ci gaba. Ina gyara wani rubutu ne kan tawali'u, sai ga jimlar nan: "Ya ƙasƙantar da kansa a gaban malaminsa." A kunnena, ƙasƙantar da mutum zubar masa da mutunci ne, dab da wulaƙanci. Amma kuma a wa'azi ana cewa bawa ya ƙasƙantar da kansa ga Ubangijinsa, kuma can abin yabo ne. To, a gaban malami fa? "Ƙanƙan da kai" ne ya dace, ko duk ɗaya ne? Sannan "ƙanƙantar da", yana hawa kan mutum, ko sai abu kamar laifi?